Manyan Farfelolin Iska da Tashoshin Nukiliya: Ina Gizo Ke Saƙar?

A shekarar 1975 malamai da ɗaliban wata makaranta da ake kira Tvind, a yammacin Denmak, suka ɗauki shebur suka fara haƙa ramin harsashin wani katafaren injin iska. Galibinsu ba injiniyoyi ba ne. Abin da ya tunzura su shi ne shirin da hukumomin ƙasarsu ke yi na gina tashoshin nukiliya bayan tashin gwauron zabi da farashin man fetur ya yi a 1973. Suna so su nuna cewa akwai wata hanyar. A 1978 farfelarsu mai faɗin mita 54 ta fara juyawa, a 1985 kuma majalisar dokokin Denmak ta cire nukiliya daga tsarin makamashin ƙasar. Ke nan takaddamar iska da nukiliya tare aka haife ta da babban injin iska na zamani, shi ya sa har yau da wuya a yi maganar ɗaya ba a tsokano ɗayan ba.

Jamus ma ta gwada, amma ta sama ta faro. Da kuɗin gwamnati aka gina wani injin da aka sa wa suna Growian, mai farfela mita 100 da ƙarfin megawat 3, ya fara aiki a 1983. Awannin da ya yi yana ba da wuta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ƙarfensa ya yi ta tsagewa, kafin ƙarshen shekarun 1980 aka rushe shi. Waɗanda suka ci kasuwa su ne ƙananan masana'antun Denmak irin su Vestas, wanda a da kayan aikin gona yake ƙerawa. Sun fara da 'yan injina masu kilowat 55, suka ƙera su da yawa, suka ga inda suke lalacewa, suka gyara, sannan suka ƙara girma kaɗan. A riƙe wannan tarihin, domin kusan duk gardamar da ake yi yau tana komawa kansa.

Me ya sa ake ta tseren ƙara girman farfela? Lissafi ne ya tilasta. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kai da kai da gudunta. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta ya ninka sau takwas. Iska kuwa ta fi gudu kuma ta fi daidaito can sama, inda bishiyoyi da gine-gine da tuddai ba sa tare ta, don haka kowace mita da aka ƙara wa hasumiya riba ce. Sai kuma fiffike: in aka ninka tsawonsa sau biyu, da'irar da yake sharewa ta ninka sau huɗu, wutar da zai kamo ita ma haka. Akwai iyakar da ba a ƙetarewa, wadda masanin kimiyya Bajamushe Albert Betz ya lissafo kimanin shekara ɗari da suka wuce: babu farfelar da za ta ƙwace fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa ta, domin in ta tsayar da iskar cak, babu ta inda wata za ta biyo baya. Injinan yau sun riga sun matso kusa da wannan iyaka. Tunda wayo ya kusa ƙarewa ta nan, abin da ya rage shi ne girma.

Girman kuwa ya wuce yadda mutum zai zata. Gandun injinan iska na farko a cikin teku, Vindeby, an kafa shi a Denmak a 1991, da injina 11, kowane mai kilowat 450. Duka-duka ba su cika megawat 5 ba. Yau injin Vestas guda ɗaya, V236, megawat 15 yake bayarwa, wato ninki uku na gandun Vindeby gaba ɗaya. Fiffikensa ɗaya ya kai mita 115 da rabi, ya fi filin ƙwallon ƙafa tsawo. Na kamfanin GE mai suna Haliade-X, daga gindinsa zuwa ƙarshen fiffike in ya miƙe sama, mita 260 ne. A Sin kuma kamfanin Dongfang ya fito da mai megawat 26 a 2024. Daga nesa za ka ga kamar suna juyawa cikin kasala, ƙasa da zagaye goma a minti, amma bakin fiffiken yana keta iska da gudun da ya haura kilomita 300 a awa. A wannan gudun ɗigon ruwan sama ma cin bakin fiffike yake yi, har sai an tura ma'aikata sun sauko da igiya daga sama sun like shi.

Abin da zai ba mutum mamaki in ya ga yadda ake ƙera fiffike shi ne yawan aikin hannu da ke ciki. Ana da wani dogon mazubi mai ɓari biyu. Ma'aikata suna shiga ciki suna shimfiɗa tabarmin zaren gilashi, falle bisa falle, suna jera katakon balsa mara nauyi ko soso mai tauri a tsakani, a wuraren da za su ɗauki nauyi kuma a sa zaren kabon. Sai a rufe da leda, a zuƙe iskar da ke ciki, a bar ruwan gam ya tsotsu cikin kowane saƙo, a gasa shi ya daskare. Daga nan a haɗa ɓari biyun a manne su, a goge, a yi fenti. Tabarma ɗaya da ta tattare ba a lura ba, ko wurin da gam bai kama sosai ba, zai iya kwanciya shiru har a ɗora fiffiken a tsakiyar teku. Haka ta faru a watan Yulin 2024 a gandun Vineyard Wind da ke gaɓar Massachusetts ta Amurka: fiffike mai mita 107 ya karye, ɓaraguzansa suka watsu har gaɓar tsibirin Nantucket, aka rufe wuraren wanka, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya ce matsalar daga manni ce a masana'anta.

A kan tudu, hanya ce ke hana girma. Fiffike ba ya lanƙwasawa don ya sha kwana, kuma gindin hasumiya ba zai wuce ƙarƙashin gada ba in faɗinsa ya yi yawa. Shi ya sa ƙattin duk a teku suke, inda ake ɗauko su kai tsaye daga masana'antar da ke bakin tashar jiragen ruwa. Can kuma wani aikin ne daban. Ana kafa wani bututun ƙarfe mai nauyin fiye da tan dubu, a buga shi cikin ƙasan teku da guduma mai aiki da matsin mai. Ƙarar bugun tana iya kurmantar da dabbobin ruwa, don haka a wasu wuraren ake kewaye wurin da tiyo mai huji da ke fitar da labulen kumfa don ya rage amon. Jirgin da ke ɗora injin yana da ƙafafu, yakan sauke su har ƙasa ya ɗaga kansa sama da igiyar ruwa, sannan ƙugiyarsa ta ɗaga ɗakin janareta mai nauyin tan ɗaruruwa zuwa tsayin da ya haura mita ɗari. Abin dariyar shi ne wurin an zaɓe shi ne saboda yawan iska, amma ba a iya ɗora fiffike sai ranar da iska ta lafa. Jirgi kan yi kwanaki yana jira, kuɗin hayarsa na tafiya. Irin waɗannan jiragen 'yan kaɗan ne a duniya. Gandun Dogger Bank na Birtaniya, mai gigawat 3.6, yana da nisan fiye da kilomita 130 daga gaɓa, kuma duk wutar sai an jawo ta ta ƙarƙashin ruwa.

Duk da wannan wahala, farashi ya yi ta sauka, kuma a nan magoya bayan iska suke da babbar hujja. A tayin kwangilar da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2015, wutar iskar teku ta tashi kusan fam 120 kan kowane megawat na awa ɗaya. A 2022 ta dawo fam 37 da 'yan kai. Tashar nukiliya ta Hinkley Point C da ake ginawa a Birtaniya kuwa an yi mata alkawarin fam 92.50 har tsawon shekara 35, duka a kan darajar kuɗin 2012. Wanda ya tsaya a nan zai ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Shekarar 2023 ta zo wa masana'antar iska da mari. Ƙarfe ya yi tsada, kuɗin ruwa ya hau. A tayin Birtaniya na watan Satumba, gwamnati ta ƙayyade fam 44, ko kamfani ɗaya bai nemi gina gandu a teku ba, sai da aka ɗaga iyakar zuwa fam 73 a zagaye na gaba. Kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin gandun Norfolk Boreas a tekun Birtaniya, kamfanin Ørsted ya soke manyan ayyuka biyu a gaɓar New Jersey ta Amurka. Hannun jarin Siemens Energy ya zube da fiye da kashi ɗaya bisa uku a yini guda bayan ya bayyana lahani a wasu injinansa na kan tudu. A ganina wani ɓangare na wannan ciwon masana'antar ce ta jawo wa kanta. Kafin a gama gane halin injin megawat 8 an koma na 12, kafin masana'anta ta mayar da kuɗin mazubin da ta saya an ce ya yi ƙanƙanta, jirgin da aka ƙera jiya ƙugiyarsa ba ta kai tsayin injin gobe. Abin da ya sa iska ta yi araha shi ne maimaita abu ɗaya sau dubu, tseren girma kuwa yana cinye wannan ribar.

Wannan ciwon ne ya daɗe yana cin nukiliya a ƙasashen Yamma. Finlan ta fara gina tukunyar nukiliya (wato zuciyar tashar, inda ake samar da zafin da ke ba da wuta) ta Olkiluoto 3 a 2005 da niyyar gamawa a 2009, ba ta fara aiki ka'in da na'in ba sai 2023. Faransa ta fara Flamanville 3 a 2007 da kasafin yuro biliyan 3.3, aka haɗa ta da layin wuta a watan Disambar 2024 bayan kuɗin ya haura biliyan 13. Tukwane biyu na Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka, an ƙiyasta dala biliyan 14, suka lashe fiye da 30. Hinkley Point C da aka amince da ita a 2016 kan fam biliyan 18 har yanzu ana gini, ƙiyasin ya haura biliyan 30. Dukansu sababbin samfura ne, an gina su ne bayan shekaru masu yawa da ƙasashen suka daina gini, masu walda da magina da injiniyoyin da suka san aikin sun yi ritaya.

Jinkiri a aikin nukiliya ba ɓata lokaci kawai ba ne, shi ne tsadar kanta. Man da tashar ke ci, wato yuraniyom, ƙaramin kaso ne na kuɗin wutarta. Kusan komai a gini yake, kuma da bashi ake ginin. Bashin da ke da ruwan kashi 7 cikin ɗari yana ninka kansa cikin kimanin shekara goma. Tashar da ta shekara goma sha biyar ana gininta ba ta sayar da wutar ko sisi ba, kafin a kunna ta masu bashi sun riga sun ci rabonsu. Gandun iska ma da bashi ake gina shi, shi ya sa 2023 ta taɓa shi, sai dai shi injinan farko suna fara kawo kuɗi tun ana kafa na baya.

Amma a ce nukiliya ba ta ginuwa cikin lokaci, wannan ba gaskiya ba ne. Faransa da kanta, bayan shirin Firaminista Pierre Messmer na 1974, ta gina tukwane fiye da 50 cikin kimanin shekara ashirin, samfura kaɗan ana ta maimaita su, har yau kuma kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nan yake fitowa. Kamfanin KEPCO na Koriya ta Kudu ya gina wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tukwane huɗu iri ɗaya a Barakah, aka fara a 2012, ta huɗun ta kama aiki a 2024, yanzu suna ba da kusan rubu'in wutar ƙasar. Sin tana gama tukunya cikin shekara biyar zuwa bakwai, kuma ita ce dai kan gaba a duniya wajen kafa injinan iska. Ita ba ta ɗauki abin a matsayin zaɓi tsakanin biyu ba.

Hujjar da ta fi nauyi a hannun masu goyon bayan nukiliya ita ce ta lokaci. Injin iska yana fara aiki in iska ta kai gudun mita 3 ko 4 a daƙiƙa, yana kai cikakken ƙarfinsa wajen mita 12, yana tsayar da kansa in guguwa ta wuce kimanin mita 25 don kada ya karye. In aka haɗa shekara, na kan tudu yakan ba da kashi 25 zuwa 40 na abin da aka rubuta a jikinsa, na teku 40 zuwa 50. Tashoshin nukiliyar Amurka kuwa suna haura kashi 90. Don haka tukunya ɗaya irin ta Olkiluoto 3, mai megawat 1,600, sai an tara manyan injinan teku masu megawat 15 sama da 200 kafin a kamo abin da take bayarwa a shekara. Ko an kamo adadin ma, ba a kamo lokacin ba. A watannin Nuwamba da Disambar 2024 Jamus ta shiga kwanakin sanyi da babu iska babu rana. A wani yammaci na Disamba farashin wuta a kasuwar sari ya doshi yuro dubu kan megawat na awa ɗaya, aka kunna tashoshin gas da kwal, aka jawo wuta daga maƙwabta, har 'yan siyasar Norwe da Suwidin suka fito suna ƙorafin cewa an sa wa mutanensu tsada. Batir na iya cike giɓin awanni, amma giɓin mako guda a tsakiyar hunturu wani lissafi ne daban.

Wannan kuɗin ba ya fitowa a farashin tayin kwangila. Tashar gas da za ta zauna tana jiran ranar da iska ta ɗauke, da batira, da dogayen layukan wuta, duk mai biyan kuɗin lantarki ne zai ɗauka. Iskar Jamus a arewa take, manyan masana'antu da yawa kuma a kudu, layin SuedLink mai kimanin kilomita 700 da zai haɗa su ya yi shekaru yana jinkiri, wani ɓangare saboda mutanen da suka ƙi a ratsa musu gari da turaku har aka koma binne shi. Denmak da ake misali da ita, wadda fiye da rabin wutarta daga iska yake, tana jingine ne da madatsun ruwan Norwe da layukan Suwidin da Jamus. Ƙasar da ba ta da irin waɗannan maƙwabtan ba za ta kwafi Denmak kai tsaye ba.

Sai dai ita ma nukiliyar tana da ranar da take ba da kunya. A 2022 aka gano tsatsa da tsagewa a bututun wasu tukwanen Faransa, aka wayi gari kusan rabinsu a kashe, ƙasar ta sayo wuta fiye da yadda ta sayar, karo na farko cikin fiye da shekara 40. Illar maimaita samfuri ɗaya ke nan: lahanin da ya bayyana a ɗaya sai an duba shi a sauran duka.

Batun haɗari shi ya fi tayar da jijiyar wuya, amma a lissafi ya fi sauƙi. Haɗurran tashoshin nukiliya na Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011 gaskiya ne, kuma raba mutum fiye da dubu ɗari da gidajensu, kamar yadda aka yi a Japan, ba ƙaramin abu ba ne. Mamaye tashar nukiliya ta Zaporizhzhia a Yukiren da sojojin Rasha suka yi a 2022 ya ƙara wani tsoron da babu gandun iskar da ke jawo shi. Duk da haka, in aka auna mace-mace da yawan wutar da aka samar, iska da nukiliya duka suna can ƙasa, kwal kuma yana sama nesa ba kusa ba, saboda hayaƙinsa da ke kashe mutane a hankali ba tare da an yi labari ba. Ta fuskar ɗumamar yanayi ma haka: ƙiyasin kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ya sa iska da nukiliya wajen giram 12 na iskar kabon kan kowane kilowat na awa ɗaya, gas 490, kwal 820. Sharar nukiliya kaɗan ce amma dafinta na dubban shekaru ne, Finlan ce ta yi nisa wajen haƙa mata maɓoya, Onkalo, fiye da mita 400 cikin dutse. Sharar iska tsofaffin fukafukai ne masu wuyar narkarwa, da yawa binne su ake yi. Tsuntsaye da jemagu suna mutuwa a farfela, kodayake wani gwaji a tsibirin Smøla na Norwe ya nuna cewa shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti ya rage mutuwar tsuntsaye da kusan kashi 70. Kuma kowane ɓangare yana da wanda ya riƙe masa wuya: ƙarafan da ake yin maganaɗisun janaretocin iska galibi a Sin ake tace su, babban kaso na aikin inganta yuraniyom kuma yana hannun Rasha.

Da waɗannan alƙaluman a gaba, matakin da na kasa samar wa hujja shi ne na Jamus. Ta rufe tukwanenta uku na ƙarshe ranar 15 ga Afrilun 2023, alhali dokarta ta bar kwal har zuwa 2038. Tukunyar da aka riga aka gina aka biya bashinta tana cikin wuta mafi araha da tsabta da ƙasa za ta samu. Jamus ta yi ƙoƙari ƙwarai, iska ce yanzu kan gaba a wutarta, amma wani kaso na wannan ƙoƙarin ya tafi ne wajen cike gurbin nukiliya maimakon ture kwal. Gina sabuwar tasha kuwa wata magana ce. Ƙasar da za ta gina tukunya ɗaya tilo, sabon samfuri, da bashin kasuwa, ta shirya wa abin da ya sami Flamanville. Wadda ke buƙatar ƙarin wuta cikin shekara biyar, iska da rana ne kaɗai za su iso a kan lokaci, da sharaɗin ta fara jan layukan wuta tun yanzu, domin su ne suka fi injinan jinkiri.

Masana'antar nukiliya ta gane inda iska ta fi ta, shi ya sa take tallan ƙananan tukwane da za a ƙera a masana'anta a riƙa jera su. Har yanzu alkawari ne a ƙasashen Yamma. Aikin kamfanin NuScale da aka shirya a jihar Idaho ta Amurka an soke shi a watan Nuwambar 2023 bayan farashi ya hau, garuruwan da za su sayi wutar suka ja da baya. Gwajin da ake zuba wa ido yanzu yana Darlington, a lardin Ontariyo na Kanada, inda aka amince a 2025 a fara gina ta farko cikin tukwane huɗu masu megawat 300 kowace, da fatan ta kama aiki wajen 2030. Ta farkon za ta yi tsada, masu aikin ma ba su musa ba. Kuɗin ta uku da ta huɗu ne zai nuna ko maimaitawar ta yi aiki.